Farantin Tangaran Mai Shuɗin Fure

Inna,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Baba, yaya su Hafizu? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Jiya na shiga gidan kayan tarihin Asiya na jami'armu. Ashe su ma suna jere! Na ga farantin tangaran na ƙasar Sin mai shuɗin fure, sak naki na kabet da kike hana mu taɓawa. Ban ankara ba na kama goge gilashinsa da mayafina. Mai gadi ya taso, da ya ga hawayena sai ya koma ya zauna.

Nan Ingila ni kaɗai nake cin abinci, amma ina sabawa. In na dawo Daura, ki sauko da naki mu ci tuwo a ciki tare.

'Yarki,
Raihana