Ku Mayar Mini da Kujerata a Gasar Ces

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ces da ake yi a nan Zuru, da alƙalin wasa mai jar hula, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ɗawainiyar baƙi? Allah ya saka muku da alheri da kuka kawo manyan gwanayen duniya na ces, darar nan ta Turawa, har ƙofar gidanmu.

Ni ne Kofur Bawa mai ritaya, na bayan kasuwa, wanda ake samu a gindin mangwaro. Ban taɓa zama a aji ba. 'Yata Rahila, ma'aikaciyar jinya, ita ke riƙe da biro, ni ke riƙe da magana, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. In kun ji kaushi, nawa ne.

Na ɗaya. Ranar Litinin na zo zauren gasa da kaftanina a goge, lambar soja a ƙirji. An rubuta sunana, an nuna mini kujera. Ina gyara zama sai alƙalin wasa ya ajiye takarda da biro a gabana, wai kowane motsi na yi sai na rubuta, na abokin karawa ma sai na rubuta. Na ce masa ɗana, ni wasa na zo yi, ba jarrabawa ba. Ya ce doka ce. Kafin in gama bayani an ɗauke kujerar, an kai ni bayan igiya wurin 'yan kallo. An kuma soke sunana daga cikin mutum ashirin ɗin da babban gwanin nan na Masar zai kara da su gaba ɗaya ranar Asabar. Wannan sokewar ita ta hana ni cin tuwo.

Na biyu. Kada ku ɗauka raina baƙinku na yi. Rahila ta karanta mini littafin nan da kuka raba mai ɗauke da tarihinsu, sau biyu ma. Na ji na Masar ya fara cin manya tun bai yi gemu ba, ya ɗauki kofi a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, har ya kai muƙamin da kuke kira giranmasta, wanda na fahimci shi ne janar ɗin wannan wasa. Na ji na Legas ya bar aikin banki saboda ces. Allah ya ba matarsa haƙuri. Na ji baiwar Allahn nan mai tabarau ta taɓa cin maza bakwai a jere, kuma da na ga yadda take kallon allo kamar mai bincike a bariki, ban yi musu ba. Na tsaya na kalle su da idona. Suna dafe kai kamar an aiko musu da rasuwa, suna marin agogo ba laifin da ya yi musu, amma wallahi sun iya. Ranar Talata na Masar ya ba da sarauniyarsa kyauta, zaure duk ya ɗauka ya haukace. Ni kaɗai na yi dariya a bayan igiya, don na hango dokinsa yana laɓe.

To amma littafin naku bai da shafin irinmu, bari in cike muku. Mu nan da dara muka tashi, a ƙasa, da tsinke da tsakuwa. Ces kuwa a soja na koya, wurin wani Manjo da nake yi wa girki, Allah ya jiƙansa. In tafiya ta kama mu a bayan babbar mota, ba inda za a kafa allo, da baki muke bugawa. Ya ce dokinsa ya tsallaka, in ce kurtuna ya matsa. Wanda ya manta inda kayansa suke, an ci shi. Haka na yi shekara tara. Shi ya sa kaina ya zama takardata. Wasan da na buga da shi ranar da aka sallame ni yana nan. Wasannin da na yi da aminina Malam Sani tela, shekara talatin a gindin mangwaro kafin ya rasu bara, suna nan, har wanda ya mayar da bishof ɗinsa baya a kan allo da na juya in amsa gaisuwa. Na yafe masa, amma ban manta ba.

Na uku, kuma nan ne nake so alƙalin wasa ya gyara hula ya saurara. Ranar Laraba ana tsakiyar wasa tsakanin na Masar da na Legas, wani babban baƙo ya kutsa don a ɗauke shi hoto. Ba zan faɗi sunansa ba, rigarsa ta riga ta faɗa. Hannun babbar rigar ya share allo, sarki ya yi ƙarƙashin tebur, abin nan mai kama da rumbu ya gangara har bakin ƙofa. Aka ce ba komai, akwai takarda. Aka ɗauko takardu biyu, sai ga su sun saɓa. Na Legas ya tsallake motsi biyu garin sauri, rubutun na Masar kuwa ko Rahila da ta saba da rubutun likitoci ta ce ba za ta iya ba. Alƙali ya tsaya yana gumi, yana jujjuya takarda sama da ƙasa.

Wa ya yi magana daga bayan igiya? Wa ya ce a jera kayan daga farko? Ni na faɗi wasan nan tun daga kurtun farko har motsi na talatin da ɗaya, ina faɗa ana turawa, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe na Legas ya gyaɗa kai, na Masar ya miƙe ya zo har bakin igiya ya kama hannuna da hannu biyu. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga haƙoransa. A kan jerin da na yi aka ƙarasa wasan, kuma a bakina alƙali ya cike takardarsa, yana cewa Baba a hankali, Baba maimaita.

Ranka ya daɗe, ga tambayata. Kan da ya gyara muku takarda ranar Laraba, shi ne kan da bai isa ya zauna ba ranar Litinin saboda takarda? Da aka watse na tunkari alƙali da maganar kujerata, ya ce abin da na yi taimako ne, doka kuwa doka ce.

Na huɗu. Tunda doka ake so, mu ma mun nemo ta. Rahila ta duba a wayarta, ta ce dokar wasan ta yarda wanda ba zai iya rubutu ba ya zo da mai rubuta masa. Alƙali ya ce wai don masu ciwon hannu aka yi wannan. To nawa ciwon ya fi nasu daɗewa. Ranar da aka zo ɗibar yara makaranta, ubana ya ɓoye ni a cikin rumbu, kuma ba a tambayi ra'ayina ba.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. A mayar da sunana cikin mutum ashirin na ranar Asabar. A bar Rahila ta zauna gefena da biro. Ta iya wasan, ni na koya mata, ta kuma nemi hutu a wurin aiki. In kuna tsoron za ta raɗa mini dabara, alƙali ya zauna ya rubuta da kansa, ai ya saba.

Ban ce zan ci janar ba. Na san zai cinye ni, wataƙila kafin shayinsa ya huce. Amma idona ya fara hazo, likita ya ce yanar ido ce, kuma tun da Malam Sani ya tafi ba a ƙara mini wasa mai daɗi ko ɗaya a kai ba, tsofaffin nake ta juyawa. Ina so in ajiye guda sabo kusa da na Manjo, wanda zan riƙa bugawa in ido ya rufe.

Allah ya ƙara wa Shugaba girma da lafiya, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya ba alƙalin wasa sanyin zuciya, ya kuma tsare allunanku daga manyan riguna.

Ranar Asabar zan iso kafin a buɗe ƙofa. Kada ku wahala wajen neman kujerar da kuka ɗauke, zan zo da tawa.

Wassalam, naku har kullum,
Kofur Bawa mai ritaya, gindin mangwaro, Zuru.