Gayyar Gonar Baba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Inna? Mu lafiya lau.

Albishirinka! Da aka sallami ƙaninmu Sani da abokansa daga injin shinkafa farkon damina, sai suka taru a Yalwawa da fartanyu za su fasa siton mai injin, wai shi yana canja motoci, su ko tuwon dare babu. Na tare su na ce, "Tunda kun ɗauko fartanya, ciyawa ta cinye gonar Baba a Kiyawa. Gayya na kira, fura a wuyana!" Suka yi dariya, suka biyo ni.

Yaya, yau geron ya fi Sani tsawo, kowa da kasonsa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. In an yi girbi, daminka na jiranka.

Ƙanwarka,
Hadiza