Makarantar da Ta Ƙetare Rafi

Suleja,
Litinin, 3 ga Maris.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Ina fata kana shan maganin, ba ɓoye shi kake yi a bayan rediyo ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Markus yana gaishe ka, har yanzu da sassafe yake kama motar Abuja.

Na rubuto ne don in na kira waya rabin magana kake ji, wannan kuwa ni da na ji ta duka ma ban gane ta ba. Shekara talatin ka yi kana hedimasta, wataƙila kai ka gane mini.

Baba, yau aka gaya mini wai makarantata babu ita.

Ka san firamaren Tungan Gora da nake shugabanta, can bayan dutsen Zuma. Ina da yara goma sha tara a aji shida, kuma ranar Juma'ar nan za a rufe karɓar sunayen masu jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Duk wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi, baɗi kuwa rabinsu gona ta riga ta cinye su. Fom ɗin sai da hatimin ofishin ilimi, don haka na hau keke napep na kai. Akawun ya duba kwamfuta, ya dube ni, ya sake dubawa, ya ce an rubuta makarantar a jerin waɗanda suka daina aiki. Na ce masa daga can nake, ga ƙurar alli a hannuna. Sai ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini takarda, wai ni ma an mayar da ni wata makaranta a Magajiya tun makon jiya.

Ashe a lokacin hutun Kirsimeti sabon sufeton yankinmu, wani Mista Adewale, ya zagaya duba gine-gine. Ya tarar da allon sunanmu a tsaye, bayansa ajujuwa ba rufi, ciyawa ta kai ƙugu. Ya ɗauki hoto da wayarsa ya kawo rahoto. An nuna mini hoton, kuma tabbas tsohon gininmu ne.

Ka tuna na ba ka labarin iskar da ta yaye mana kwano bara? Wurin dama fadama ne, da damina yara a ruwa suke tsoma ƙafa. Dattijo Yohanna, shugaban iyayen yara, ya ba da gonar doyarsa da ke kan tudu, ƙetaren rafi, mutanen ƙauye suka yi gayya suka gina mana aji uku. Tsakanin tsohon da sabon bai fi taku ɗari biyu ba, gora ce kawai ta tare ido. Na bayyana wa akawun haka, na ce ai sai a gyara. Da ya ji na ce ƙetaren rafi, sai ya ajiye biro. Ya ce in haka ne mu ba nasu ba ne, rafin nan shi ne iyaka, na ƙaramar hukumar maƙwabta muke, in je can.

Shekara huɗu ina tsallake rafin nan zuwa gidajen iyayen yara da takalmi a hannu, ban taɓa sanin iyaka ba ne. Su ma mutanen ƙauyen ba ruwansu, cocinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, ƙani a wannan gaɓa, wa a waccan.

Gobe zan je can ɗin. Ka sa ni a addu'a, kaina ya ɗaure. A gaida Mama da kyau.

Taka 'yar,
Debora.


Suleja,
Laraba, 5 ga Maris.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wasiƙar farko ta iso hannunka. Direban da na ba wa ita ya yi mini alkawari, amma ka san su. Yaya jikin, yaya Mama da zumuntar mata?

Na je ofishin maƙwabta jiya, mota biyu da acaba ɗaya. Sun karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi. Sakataren ya buɗe babban littafinsu ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, babu Tungan Gora. Ya ce ƙasar tasu ce, ba musu, amma makarantar ba tasu ba ce, don ba su suka buɗe ta ba, ba su suka turo ni ba. In ana son ta zama tasu sai an rubuta wa hukumar jiha a Minna, a turo masu dubawa, abin da zai ɗauki watanni. Na ce to Juma'a fa? Ya ce in koma wajen masu ni.

Yanzu Baba ka duba mini. Na can sun ce ƙasarsu ce amma ba makarantarsu ba. Na nan sun ce makarantarsu ce amma ba ƙasarsu ba, kuma ma a rufe take. Ni kuma a takarda ina Magajiya, alhali yau da safe na koyar da lissafi a ajin da ba wanda ya yarda akwai shi. Da yara suka miƙe suna gaishe ni, sai da na tsaya ina kallonsu kamar wadda ta shiga gidan da ba nata ba. Sun haddace jadawali, sun sayi fensir sabo. Ban gaya musu komai ba.

Da rana na nemo Mista Adewale da kansa. Na tafi da niyyar in wanke shi tas, har na shirya maganganun a cikin keke. Sai na tarar da mutum mai sanyin hali, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ɗauko fayil ɗinmu ya buɗe a gabana. Ya ce in nuna masa wasiƙar da na rubuta ina sanar da ofis cewa za mu tashi. Ya ce da an samu layi uku kawai, da tun kafin a haƙa tushe an gaya mana kada mu ƙetare.

Baba, ban rubuta ba. Wannan ne abin da nake ta kewayewa tun wasiƙar farko. Na zaci kansila ya faɗa musu, tunda ya zo ranar buɗewa har ya ci tuwo. Dattijo Yohanna kuma ya zaci ni na faɗa, tunda ni ce mai biro. Ni murna ce ta ɗauke mini hankali, na ga yara a busasshen wuri. Kunya ta rufe ni a ofishin nan har na rasa inda zan sa idona.

Ga abin da ya ce zai iya. In ya zo gobe ya tarar da yara da malamai suna karatu a inda aka yi wa makarantar rajista, zai gyara rahotonsa, a buga hatimi, a soke takardar Magajiya. Amma ba wasan kwana ɗaya ba. Zai riƙa zuwa ba sanarwa, ranar da ya tarar mun koma tudu, abin da ya gani zai rubuta. Na rasa ko taimakona ya yi ko ɗaure ni.

Mutanen ƙauye suna can suna zagin gwamnati, ni kuma na yi shiru na bar su. Ban san da wane baki zan ce su koma fadama ba.

Bari in tsaya nan, gobe akwai sammako. A gaida kowa.

'Yarka,
Debora.


Suleja,
Lahadi, 9 ga Maris.

Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da ranar Ubangiji, da fatan kun yi sujada lafiya. Na samu saƙonka ta bakin Mama a waya, cewa in faɗa musu gaskiya da kaina kafin su ji a wani wuri. Na ji haushinka na kusan awa ɗaya, sannan na bi.

Ranar Alhamis da safe muka kwashe bencuna a ka, muka tsallake rafi. Iyaye mata suka nome ciyawar, aka ɗaura tampol ɗin coci a kan aji biyun da bangonsu bai faɗi ba. Mista Adewale ya iso wajen ƙarfe goma, ya ƙirga yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a littafin baƙi. Ranar Juma'a kafin azahar aka buga hatimi. Sunaye goma sha tara sun shiga, na karanta su sau uku a bakin ƙofar ofis.

Na ɗauka zan yi murna, sai na ɗaga kai na dubi sama. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen dutse, tampol ba zai kai mu ko'ina ba, ƙauyen kuma ba shi da ƙarfin rufi biyu. Rufin da muke da shi yana can kan tudu, a kan ginin da ba mu da izinin zama.

Jiya Asabar aka tara iyaye a gindin mangwaro. Suna ta cewa mutanen ofis ba su da imani. Na miƙe na ce ba ofis ba ne, ni ce. Na gaya musu akwai wasiƙar da ya kamata in rubuta ban rubuta ba, kuma saboda haka wahalar da suka sha wata huɗu ta tafi a banza, sai in Minna ta amsa wata rana. Wata uwa ta ja tsaki ta tashi, kuma ban ga laifinta ba.

Dattijo Yohanna bai ɗago kai ba. Shi ne ya rasa doyar shekara guda, shi ne ya ɗauki bulo a ka da furfurarsa. Can ya tambaye ni abu ɗaya, ko yaran za su rubuta jarrabawar. Na ce za su rubuta. Ya sake tambaya, dukansu? Na ce duka. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce wa matasa su ɗauko tsani, a je tudu a kwance rufin a mayar da shi fadama.

Baba, shi ya fara hawa. Na tsaya a ƙasa ina riƙe masa tsanin, yana zare ƙusoshin da ya buga da hannunsa, yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya don kada su lanƙwashe. Ban san ko ya yafe mini ba. Hawaye ya hana ni ganin hannunsa sosai, amma ban bar ko ɗaya ta faɗi ba.

Gobe akwai makaranta. Ka ci gaba da yi mana addu'a ruwa ya jira mu gama rufi. A gaida Mama, Allah ya ƙara maka lafiya.

Ni ce 'yarka,
Debora.