Kada Ka Jira Ni

Unguwar Magajin Gari,
Birnin Gwari.
Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yayana Judah,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Beatrice da yara da dukan mutanen Zonkwa. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Mu muna nan da rai, mun gode Allah. Kada ka yi mamakin ganin takarda kamar zamanin kakanninmu. An yanke mana sabis saboda mutanen daji, wayoyinmu duk sun koma tocila. Bakoji direba zai kai wasiƙar nan Kaduna ya sa ta a motar garinku, in hanya ta bari.

Ka duba cikin ambulan, akwai memori. Faifanmu na biyu ne, mu 'yan ƙungiyar kiɗa ta Tsawar Kamuku. Na san har yanzu kana mini dariyar na farko, Kukan Ƙarfe, wanda ka ce kamar maƙera ne suka yi faɗa a cikin kicin. Ban ji haushi ba, haka kiɗan rok yake. Audi bakanike yana dukan jitar lantarki yana waƙa kamar ana bin sa, Tasi'u yana riƙe da babbar jita mai ƙugi, ni kuma ina bayansu ina gumi a kan ganguna. Dattawa su toshe kunne, samari su yi ta tsalle.

Wannan na biyun zai ba ka mamaki, don a hankali yake tafiya. Ga yadda abin ya faru. Bara aka ɗauke Ƙasimu, ƙanen Audi, a hanyar gonarsu ta Kutemeshi, har yau babu labarinsa. Tun daga lokacin Audi ya kama shan maganin tari, wai yana buɗe masa maƙogwaro. Mutumin da ba ya tari. Sai na lura a wajen gwaji hannunsa yana makara, ina bugawa yana isowa daga baya. Nan na tuna abin da ka koya mini a coci ina yaro: in matan zumunta suka ja waƙa, mai ganga ba ya kunyata su, komawa yake yi ya ɗauko su. Sai na rage gudu na koma inda yake. Babu wanda ya gane, har Tasi'u.

Da muka je ɗauka a Kaduna, Sadiq mai situdiyo ya cire abin kunnensa ya miƙe tsaye. Ya ce bai taɓa jin jita tana jan ƙafa haka ba, wannan sabon salo ne, kuma shi ya raɗa masa suna, kiɗan sanyi. Faifan ma Sanyin Daji aka sa masa. Ka saurari waƙa ta uku, ta Ƙasimu ce, ko da yake Audi bai ambaci sunansa ba.

Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma duk lokacin da aka yabi salon nan sai murnar ta gushe, don na san daga wace kwalba ya fito.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Jethro.

Birnin Gwari.
Agusta, 2022.

Yaya Judah,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, yaya damina? Na ji an ce citta ta yi kyau a wajenku bana. Sabis ya dawo tuni, amma akwai maganar da in na ɗauki waya sai ta maƙale mini, gara in rubuta.

Ka ce ka ji mu a rediyo a cikin mota har ka gaya wa fasinjoji ƙanenka ne mai gangar. Na ji daɗi. Yanzu ko yaran ajin da nake koyarwa ba sa kirana Malam Jethro sai Malam Sanyi, Audi kuwa Sarkin Sanyi ake ce masa. Faifai na uku ya fito, amma ban aiko maka ba don ba na alfahari da shi. Sadiq ya ce zamani ya canja, ya cika shi da kiɗan kwamfuta, ya bi da muryar Audi ta cikin na'ura har ta koma kamar ta mai magana a cikin randa. Ban ga laifinsa sosai ba, muryar ce ta dushe, dole a rufa mata asiri. Tasi'u ya ce shi bai koyi jita don ya yi gyangyaɗi a tsaye ba. Ya ajiye ta ya koma buga wa mawaƙan biki fiyano. Mun rage mu biyu da kwamfuta.

Audi ya wuce kwalba yanzu. Ƙwayoyi yake haɗawa da ita, irin waɗanda masu haƙar zinare ke sha su wuni cikin rami. Garejinsa a rufe. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, sai ya yi murmushi ya ce ai aiki yake yi, in bai sha ba waƙa ba ta zuwa. Kullum ina ƙara rage gudu. Akwai waƙar da tsakanin bugu da bugu zan iya sosa kunne.

Makon jiya aka gayyace mu biki a Gayam da rana tsaka, don yanzu ba mai yin biki bayan la'asar. Muna cikin waƙa ya tafi ƙasa a hankali da jitar a wuyansa, jikinsa yana karkarwa. Yaya, mutane tafi suka yi. Sun zaci salo ne, wayoyi suka ɗaga suna ɗauka. Sai da na watsar da sanduna na ga kumfa a bakinsa sannan wuri ya rikice.

Washegari Huraira matarsa ta same ni a makaranta, goye da 'yarsu Nafisat. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta ce ita ba ta san kiɗa ba, amma ta san mijinta ya fi lafiya lokacin da maƙwabta ke ƙorafin ƙararsa. Mun bi rakiyar sojoji mun kai shi wani asibiti a Kaduna inda ake raba mutane da shaye-shaye. Ya zage ni a bakin ƙofa, zagin da ban san ya iya ba.

Ku sa shi a addu'a, kai da Anti. Na san ba addininmu ɗaya ba, amma ɗan'uwana ne.

Naka,
Jethro.

Birnin Gwari.
Mayu, 2023.

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti Beatrice, ina kuma yi wa 'yarku Anita barka da gama makaranta. Da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da shiruna, na so in rubuto maka labari mai daɗi ne, sai na yi jinkiri har ya lalace a hannuna.

Audi ya dawo farkon shekara da kumatu, har Nafisat ta ƙi yarda da shi. Ya buɗe gareji. Ranar da ya fara ɗaukar jita a ɗakina, wallahi, in ari bakin su Audi, sai da na yi da gaske kafin na kamo shi. Hannun nan ya dawo kamar na da. Ya yi sababbin waƙoƙi masu zafi, ɗaya ma dariya ce zalla, a kan wani mai babur da ya fi babur ɗinsa hayaƙi. Tasi'u ya ji labari ya fara leƙowa. Huraira ta aiko mini da dambun nama. Ban taɓa jin daɗin ciwon kafaɗa irin na watannin nan ba.

Sai muka tafi wajen Sadiq. Ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce kiɗan ya yi kyau amma na jiya ne. Mutane Sarkin Sanyi suka sani, shi suke jira, har yara a Kano da Jos sun fara kwaikwayonsa. Ba mugu ba ne Sadiq, shi ya riƙa kai wa Audi abinci a asibiti. Cewa ya yi kawai a buga a hankali, ai ba sai an sha komai ba.

Audi ya gwada. Ya gwada har gumi ya jiƙa masa riga. Amma mai lafiya in yana kwaikwayon ɗingishi kowa yana ganewa. Hannunsa sai ya riga shi, in ya danne shi kuma kiɗan ya fito babu rai. Na ga kunya a fuskarsa, irin ta wanda aka ce ba shi ne shi ba. Da aka kira azahar ya ce bari ya je masallaci. Ya daɗe. Da ya dawo ya rataya jita bai kalle ni ba.

Bugun farko na gane. Ya makara, 'yar makarar nan da na fi kowa sani a duniya. Abin da ya kamata in yi shi ne in ajiye sanduna in tashi. Amma hannuna ya riga zuciyata, Yaya, ya koma ya ɗauko shi kamar kullum. Muka tafi tare har ƙarshen waƙa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba mu taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba. Sadiq har da share ido.

A mota muna dawowa, ta cikin dajin nan da kowa ke yin shiru, Audi ya kwantar da kai a kafaɗata ya yi barci. Na rasa da wa zan yi fushi. Na yi da Sadiq, na yi da masu tafi, har da kai na yi, da ka koya mini bin mutane. Ka yafe mini wannan.

Faifan ya fito, ana cewa ya fi duk na baya. Huraira ta daina gaishe ni.

Ƙanenka,
Jethro.

Birnin Gwari.
Yuli, 2024.

Zuwa ga Yaya Judah,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na gode da kiran da ka yi ta yi, ka yi haƙuri ban ɗauka ba. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. Audi ya rasu ranar Talata, an yi jana'izarsa a nan Magajin Gari, don ba a iya kai shi garinsu Kutemeshi saboda mutanen daji. Huraira ta ce ta kawo masa koko da safe, ta taɓa shi ta ji ya yi sanyi. Kalmar da ta faɗa ke nan. Ina tsaye a ƙofar gidan wata mota ta wuce da rediyo a kunne, mai gabatarwa yana cewa an yi rashin Sarkin Sanyi. Ba na son in ƙara jin kalmar nan, ko a kan ruwan sha.

Akwai abin da nake so ka sani, don kai kaɗai za ka gane shi. Ya sake faɗuwa a watan azumi, tun daga nan hannunsa na hagu ya yi rauni, likita ya ce ƙodarsa ma ta taɓu. Ya daina fita. Asabar ɗin da ta wuce kafin rasuwarsa, da hantsi, sai ga shi a gidana, Huraira tana biye da shi ɗauke da jitar. Rabon da ta tako gidana tun bara. Ya zauna ya huta, sannan ya ce in haɗa ganguna, yana son mu buga waƙar farko ta Kukan Ƙarfe, wadda ka ce ta maƙera.

Na ɗauki sanduna, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Da gudunta na asali. Kada ka jira ni, Jethro. Ko me ka ji, kada ka jira ni."

Na yi yadda ya ce. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba. Tun a layin farko na bar shi. Ina jin sa a baya yana lalube, hannuna yana roƙona in koma, na cije na ci gaba. Na kai ƙarshe ni kaɗai na tsaya. Shi ko rabi bai kai ba. Bai daina ba, ya ci gaba da jan ta shi kaɗai, babu ganga, babu na'ura, wayar jita ɗaya bayan ɗaya, har ya kai inda na tsaya. Huraira tana bakin ƙofa ta juya mana baya.

Ya kalli yatsunsa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, har da ɗan murmushi, "Ashe haka na yi nisa. Ban taɓa ji ba. Kullum in na waiwaya kana gefena."

Har yau ban san ko godiya ya yi mini ko ƙara ya kai ni ba. Na so in tambaye shi, na ce sai wani zuwan.

Sadiq ya kira, yana son a tattara ragowar abin da muka ɗauka a yi faifai na ƙarshe. Na ce ya tambayi Huraira, ni ba ni da bugu ko ɗaya da zan ƙara. Tasi'u yana zuwa muna zama.

Ranar Lahadi na je coci, mai gangarsu bai zo ba, aka roƙe ni in riƙe musu. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, a baiti na biyu suka fara ja kamar yadda suka saba. Na ji su suna zamewa baya. Yaya, sandunan suna hannuna, na rasa ko in koma in ɗauko su ko in bar su su ji. Sai na tsaya cak, suka ƙarasa babu ganga, kowa yana waiwayena.

Kai ka koya mini rabin farko na darasin nan. In akwai sauran, ka rubuto mini, ko ka zo da kanka in gwiwa ta bari.

Ka gaida Anti Beatrice da yara. Allah ya jiƙan Audi, ya raya Nafisat, mu kuma ya ba mu haƙuri.

Ni ne ƙanenka,
Jethro.