Zauren Malam Haladu

Ɗanzomo,
12 ga Afrilu.

Zuwa ga uwargidana Husainatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Safiya da mijinta da yara. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Na zaɓi in rubuto ne in ba direba, domin duk lokacin da na kira, wayar tana hannun Safiya, kuma akwai maganar da ba ta shiga kunne uku ba.

Kin san Kufan Dargaza, tsohon garin nan da ke cikin makiyayar gwamnati, inda kike cewa na fi son duwatsunsa a kan mutanen gidana. To, ana cinye shi. Damina ta kusa, kowa yana gyaran ɗaki, ƙasarmu kuwa rairayi ce, ba ta kama tubali. Jar ƙasa mai danƙo babu ita sai a jikin ganuwar kufan, wadda magabata suka sha wahalar ɗaukowa daga nesa. Shekaranjiya na ƙirga amalanke tara suna lodi. Shekarar da na dawo daga karatu a Zariya na auna ganuwar da ƙafata, taku dubu ɗaya da ɗari biyu. Jiya na sake aunawa, ɗari biyu da sittin. Rijiyoyin rini guda bakwai da ke gefen kudu sun fasa biyu. Wani ya tono tukunya cike da duwatsun wuya, ya watsar ya tafi da tukunyar zai zuba wa kaji ruwa.

Kada ki ce in rubuta wa ofishin gwamnati. Shekara talatin ina rubutawa, da Turancin da su kansu ba su iya ba. Sau ɗaya suka turo mutum, ya tsaya a inuwa ya ɗauki hoto, ya ci tuwonki, ya tafi. Su ne dai suka ajiye ni da sunan ritaya don na cika magana. Na gama da su. Ranar Juma'a zan kai maganar gaban mai unguwa, a gaban kowa.

Ki riƙa shan maganin yadda aka ce, ba yadda kika ga dama ba. A gaida kowa.

Naki,
Haladu.

Ɗanzomo,
21 ga Afrilu.

Husainatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikin, da fatan zafin Kano bai dame ki ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abin da zan faɗa miki.

An yi zaman. Na yi bayani tsaf, cewa filin na hukuma ne, wato na kowa, har da waɗanda ba a haifa ba, kuma abin da aka tono ba ya komawa. Mutane suna ji. Sai Yahuza magini ya ɗaga hannu daga baya, ya ce yana da tambaya ga farfesan Ɗanzomo. Ya ce wannan zaure mai sanyi da nake zama a ciki ina rubuta wa gwamnati wasiƙa, da ƙasar ina aka gina shi? Ya ce in na manta shi bai manta ba, domin shi ya gina shi shekarar da aka haifi Safiya, kuma jakunan babansa ne suka yi jigila daga kufan kwana goma sha ɗaya. Ya ce ashe in mai karatu ya ɗiba gini ne, in talaka ya ɗiba ɓarna ce. Aka yi dariya har mai unguwa ya sunkuyar da kai.

Husainatu, gaskiya ya faɗa. Kuma ba a rashin sani na yi ba. Ina da digirina a akwati lokacin, na san abin da ganuwar take. Na ce wa kaina gefen da ya riga ya zube ne. Ban taɓa gaya miki ba, kuma ban taɓa rubuta shi a ko ɗaya daga cikin takardun da na aika ba.

Bayan an watse Bappa ya same ni, ardon da ke kiwo a makiyayar. Shi ma kufan ya dame shi, domin ramukan masu tono sun karya masa ƙafar saniya. Ya ce takarda ba ta tsare fili a nan, aguwa ke tsarewa, itacen shingen nan mai farin ruwa. A sari rassanta yanzu da bazara a kakkafa, ruwan farko yana sauka ta kama, dabba ba ta ci, kuma duk iyakar da aka dasa wa aguwa mai unguwa da dattawa suka taka ta da ƙafarsu, ba mai tsallakewa da amalanke. Na koma wa mai unguwa da wannan. Ya ce zai taka, amma ba zai bi bayan mutumin da ke hana jama'a abin da yake kwance a cikinsa ba.

Don haka ina so in rushe zauren in mayar da ƙasar. Na san abin da nake roƙo. Shi ne suturar gidanki, a cikinsa aka karɓi gaisuwar mahaifinki, a cikinsa aka ɗaura auren Safiya. In ya tafi, mai wucewa zai hango madafinki. Ba ni da halin gina na siminti, sai dai zana. Ba zan sa diga ba sai na ji daga gare ki, amma ki sani in ruwa ya sauka kafin mu dasa, sai baɗi, kuma ganuwar ba za ta kai baɗi ba.

Ki gaida Safiya. Kada ki bari ta karanta wannan.

Mijinki,
Haladu.

Ɗanzomo,
16 ga Mayu.

Husainatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce kin fara takawa ba sanda, na gode wa Allah.

Direba ya kawo ƙunshinki. Na zazzage shi sau biyu ina neman takarda, babu, sai labule mai kauri da kika yi wa kalmasa da hannunki. Na auna shi, daidai faɗin ƙofar zana. Na fahimta. Na kuma fahimci rashin takardar.

Kwana shida na yi ina rushewa. Ranar farko mutane suka taru suna kallo, ana cewa karatu ya taɓa ni. Rana ta uku Yahuza ya zo ya tsaya, ya ce yadda nake riƙe diga zan kashe kaina in bar masa zunubi. Ya karɓe, ya sauke azarar ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya karya ko guda ba. Bai daina zagina ba har muka gama. A cikin bango muka yi ta samun tsingaro, har da bakin wata tukunya mai zanen igiya. Na ajiye miki ki gani.

Shanun Bappa suka ja ƙasar zuwa kufan. Ba zan yi miki ƙarya ba, ganuwa ba ta dawo ba. Tsibi ne kawai a inda take a da. Amma ranar Asabar mai unguwa da liman da dattawa huɗu suka taka iyakar, ina gaba. Mun dasa aguwa a yamma da kudu da arewa, rijiyoyin rini biyar da suka rage suna ciki. Ruwan aguwar ya shiga idona na dama, kwana biyu ban gani da shi ba, yanzu ya buɗe.

Gabas ce ta rage, aguwar da ke kusa ta ƙare, kuma mutanen ƙauyen da ke wancan gefen ba su halarci zaman ba. Jiya amalankensu biyu suka shigo ta nan. Bappa ya ce akwai aguwa da yawa a hanyar Sule Tankarkar, gobe za mu je sara. Hadari ya fara haɗuwa da la'asar. In ya ba ni kwana huɗu na rufe.

In kin tashi dawowa ki sanar da ni, in tarye ki a tasha. Ba na so ki tsaya a ƙofar gidanki ke kaɗai ki ga abin da na yi.

Ki gaida Safiya da mijinta da yara. Allah ya dawo min da ke lafiya.

Naki har kullum,
Haladu.