Wannan Ba Wasan Kanawa Da Zage-zagi Ba Ne

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Hukumar Gudanarwa ta makarantar da nake wa aiki a Unguwar Rimi, Kaduna.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce Hajara, mai kula da rajista da fayil-fayil ɗin ɗalibai a makarantarka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin yaran da ke karatu a cikinta ba su yi mini komai ba. Sau biyu na rubuto maka ta ofis ban samu amsa ba. Wataƙila ba a kai maka ba, ban sani ba. Shi ya sa wannan karon na rubuta a fili, inda ba wanda zai jefa ta cikin durowa.

Ranar Laraba da ta wuce sakataren kwamitin ladabtarwa ya miƙo mini wata takarda. Takardar ta ce na janye ƙorafin da na yi a kan Jami'in Mulki na makaranta, kuma na amince abin da ya faru tsakaninmu wasan al'ada ne na yi masa mummunar fahimta. Ya ce in sa hannu kafin Litinin, in ba haka ba a ɗauka na ajiye aiki. Ga yadda aka zo nan.

1. Jami'in Mulki ya zo mana shekara biyu da suka wuce. Bakano ne, ni kuma Bazazzagiya. Ranar da ya ji garinmu ya yi dariya ya ce ashe an tanadar masa baiwa a ofis. Na mayar masa da cewa bawa ne ya biyo iyayengijinsa. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ban ɓoye wannan ba, domin ni ma da wannan wasan na tashi.

Cikin zango na biyu maganar ta sauya. Ya bar zancen Kano da Zariya ya koma zancen tafiyata da ƙirjina. Ya daina yi a gaban mutane. Sai ya aike ni ɗakin ajiye fayil, wanda ka san ƙuncinsa, mutum biyu ba sa giftawa tsakanin kantoci, ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa, wai baiwa ba ta wuce ubangidanta sai ta biya kuɗin ƙofa. Sau uku yana jan mayafina. Na ce masa, "Malam, ni matar aure ce, ka bari." Amsarsa ita ce Zage-zagi akwai saurin fushi.

Ranar Alhamis ta makon jarrabawa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina kan kujera ina sauko da fayil ɗin 'yan aji uku, ya turo ƙofar ya kama ni ta baya, ya sa hannunsa inda ba zan rubuta ba. Madam Rifkatu, malamar aji biyu, ta shigo neman rajista ta same mu a haka, ina ƙoƙarin ƙwacewa. Ita ta raka ni banɗaki na wanke fuska. Ita ta ce in rubuta ƙorafi, na rubuta.

2. Ranka ya daɗe, tun ina sakandare nake da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru da ni kowace rana. Bayan sallar asuba nake yi, a littafin rubutu irin na ɗalibai, kafin in ɗora ruwan koko. Da kwamiti ya ce in kawo shaida, sai na kwaso littattafai huɗu na shekara biyun nan na miƙa musu gaba ɗaya. Ban yi kwafi ba. Ban nemi a ba ni takardar shaidar karɓa ba, ni da aikina kullum shi ne in sa mutane su sa hannu kafin su ɗauki fayil. Wannan wautata ce, kuma na amsa ta. Na zaci gaskiya in ta zo a rubuce, da ranarta da lokacinta, ta isa.

Abin da kwamitinka ya yi da littattafan shi ne ya hana ni sukuni. A cikinsu akwai wuri ashirin da uku da na rubuta abin da mutumin nan ya faɗa ko ya aikata. Ba a karanta ko ɗaya ba. Abin da aka zaɓo aka karanta da ƙarfi, yana zaune yana kaɗa ƙafa, shi ne wuraren da nake tuhumar kaina. Inda na rubuta, "Anya ba ni ce na ba shi fuska ba?" Da inda na rubuta, "Wataƙila wasa ne, ni ce mai ɗaukar abu da zafi." Mai karantawar ya ɗago kai ya ce to ga shi, da hannunta ta rubuta.

E, da hannuna na rubuta. Haka nake tun ina yarinya, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai na kwana biyu ina tambayar kaina. Mace da ta zauna kan tabarmar salla tana neman laifin kanta don kada ta zalunci wani, wannan ba amsa laifi ta yi ba. Tsoron Allah ne, da tsoron rasa aiki, da kunya. Kuma a shafin da ke biye da wannan tambayar na rubuta cewa tun daga gidana a Abakpa nake addu'ar kada mu haɗu, a cikin keke napep, duk ranar da na san yana ofis. Me ya hana a juya shafin?

Ba a tsaya nan ba. A littattafan akwai ɓarin da na yi bara, akwai saɓanina da 'yar'uwata, akwai abubuwan da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Kwana biyu bayan zaman, wata ma'aikaciya ta tare ni a bakin famfo tana yi mini jajen ɓarin. Ban taɓa faɗa wa kowa a makarantar ba. Ina so ka gaya mini hannu nawa littattafan nan suka bi.

3. Ba a kira Madam Rifkatu ba. Na tambayi dalili, aka ce ita ba Bahaushiya ba ce, ba za ta gane irin wasanmu ba. Matar da aka haifa a Abakpa, layi biyu tsakaninmu, wadda ta fi rabin 'yan kwamitin iya karin magana. Kuma ko da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ai ba magana ta ji ba. Hannu ta gani. Ido ba ya buƙatar tafinta.

4. Tunda al'ada aka fake da ita, bari in yi maganarta, don ban yarda wani a kwamitin nan ya fi ni saninta ba. Kakata a Zariya ta shekara talatin tana wasa da wani Bakano mai sayar da goro a bakin layinsu. Kullum sai sun yi wa juna tsiya, ita ta ce bawa, shi ya ce baiwa, mutane na sauraro suna dariya. Ko gefen zaninta bai taɓa taɓawa ba, goro ma a faranti yake miƙa mata. Wasan nan a bainar jama'a ake yin sa. Kowa yana da bakin ramawa. In ɗaya ya ɓata rai, ɗayan ya ba da haƙuri. Wasan da sai an turo ƙofa kafin a yi shi, wanda ɗaya ke riƙe da takardar hutun ɗaya da ƙarin girmanta, wannan sunansa daban. Ku tambayi kowane dattijon Bakano a unguwar Kawo ko ya yarda a yi wa 'yarsa irinsa. Kwamitinka bai zalunce ni ni kaɗai ba, ya ɓata wa al'adar suna.

5. An kira maigidana ba da sanina ba, wai a sasanta tsakanin maza. Ban riga na faɗa masa ba, ina ta neman bakin da zan fara. A ofishinku ya ji, daga bakin baƙi, aka kuma ba shi shawarar ya lallashe ni a rufa asiri. Daga Unguwar Rimi tare muka koma gida. Sai da muka shiga ɗaki ya ce, "Maman Abba, me ya sa kika ɗauki wannan ke kaɗai?" Allah ya sa mutumin kirki nake aure. Da wani ne, da yanzu ina gidanmu. Kun yi tunanin haka kafin ku ɗaga waya?

6. Tun daga ranar da aka kira maigidana, ni aka mayar reshen makarantar da ke Katabu, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Shi kuwa Jami'in Mulki yana nan kan kujerarsa. Makullin ɗakin fayil yana aljihunsa, kuma yarinyar da aka ba aikina ba ta kai shekara ashirin da biyar ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ranka ya daɗe, ni ba lauya ba ce, a sakandare na tsaya. Amma ranar Juma'a na je wurin wata lauya mai taimaka wa mata kyauta, na tafi da sabon littafi na rubuta abin da ta gaya mini, na karanta mata ta gyara. Ta ce taɓa jikin mace ta wannan fuska ba da yardarta ba laifi ne a dokar jihar nan, ko a ofis ko a titi, kuma al'ada ba ta wanke shi. Ta ce ina da ikon kai ƙara wurin 'yan sanda da kaina, ba sai maigida ko shugaban aiki ya ba ni izini ba. Ta ce kwamitin makaranta ba kotu ba ne, hukuncinsa ba ya rufe mini ƙofar shari'a. Ta ce korar ma'aikaciya don ta yi irin wannan ƙorafi abu ne da za a iya ƙalubalanta a kotun ma'aikata. Ta ce littattafan nan dukiyata ce. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a makaranta, inda ake koyar da yara 'yancin ɗan ƙasa, ba wanda ya taɓa gaya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da na sani tun ranar da ya fara jan mayafina, da ban cika littafi huɗu ba.

Saboda haka ina neman waɗannan daga gare ka.

A dawo mini da littattafaina huɗu cikakku. Na san yawan shafukansu, domin ni na sa musu lamba. A rubuta mini sunan duk wanda ya karanta su.

A sake zaman ƙorafina da mutanen da ba abokan cin abincin ranar Jami'in Mulki ba, a kira Madam Rifkatu, a bar ni in zo da lauyata. Kafin nan a karɓe makullin ɗakin fayil daga hannunsa. Wannan ko yau za ka iya yi da waya ɗaya.

A mayar da ni teburina. A kuma rubuta a liƙa a ɗakin malamai inda mace za ta kai kuka irin wannan da abin da doka ta ba ta, da Hausa da Turanci.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Yara uku muke da su a makaranta, kuma na san a shekaruna aiki ba ya samuwa a bakin hanya. Na karanta wasiƙar nan sau biyar ina neman inda na ƙara gishiri, na goge wurare biyu da ban tabbata da ranarsu ba. Abin da ya rage duk na tabbata da shi.

Takardar da aka ba ni tana cikin ambulan ɗin da na bar maka wurin maigadi, yadda aka ba ni ita, ba sa hannu. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi zan zo aiki, domin ban ajiye shi ba. In an tare ni a bakin ƙofa, zan rubuta sunan wanda ya tare ni da lokacin, in wuce ofishin 'yan sanda tare da lauyata da maigidana da Madam Rifkatu. Wannan karon na yi kwafin komai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan na kusa da kai ne. Allah ya tsare 'ya'yanka mata a duk inda suke aiki, kada ya haɗa su da ranar da za a karanta musu sirrinsu a gaban wanda ya ci mutuncinsu.

Wassalam.

Hajara,
mai kula da rajista,
Abakpa, Kaduna.