Takalmin Ƙafar Dama

International City, Dubai
Janairu, 2009

Zuwa ga Yayana Sanda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ƙanwa take yi wa wanta, don haka Inna ta koya mana, ko da zuciya ba ta so. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sabuwa da yara, Ya kuma ba Inna sauƙin ciwon gwiwarta. Mu nan sai godiya. 'Yarmu Hadijatu ta warke daga tarin da sanyi ya sa mata, har ta koma makaranta. Maigidana Yacouba kuwa, wanda ka kusa mantawa da shi a takardarka, yana nan kwance a asibiti.

Takardar ta iso ta hannun Hajiya Fatouma mai zuwa saro atamfa a kasuwar Al Sabkha, a bakin gadonsa na karanta ta. Ma sha Allah, Yaya, rediyonka bai lalace ba. Ka ba ni labarin masu kiran tazarce a Yamai, ka warware mini abin da zaɓen Amurka zai jawo wa Afirka, ka yi jimamin mutanen Gaza, ka zagi masu ɓoye shinkafa. Kowa a duniya ya sami wuri. Sai can ƙasa, inda biro ya fara ƙarewa, ka ce ka ji Yacouba ya ɗan bugu amma da sauƙi, to yaushe zai koma hanya ya kai sauran kayanka kwantena? Tun da labari kake so, ga namu: gine-gine sun tsaya, ana ta sallamar ma'aikata, har ana cewa wasu na barin motocinsu a filin jirgi su gudu. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba, tambayarka zan amsa.

Bari in tuna maka safiyar, don na ga alama ta shige maka. Bayan sallar asuba Yacouba ya leƙa taga, bai ga ginin da ke gabanmu ba, bai ga ko motarsa da ke ƙasa ba. Haka lokacin sanyi yake a nan. Hazon teku ne, jiƙaƙƙe, fari fat, yana sauka kafin gari ya waye ya kwanta a kan titi har rana ta ɗaga. Duk direba mai hankali jira yake yi. Shi ma ya tuɓe takalmi ya zauna, na zuba masa shayi. Sai ga wayarka. Muryarka ba ta buƙatar lasifika, Yaya, komai a kunnena aka yi. Ya gaya maka hanya a rufe take, ka yi dariya, ka ce wane sanyi ne a Dubai, mu da ko rigar sanyi ba mu saya. Ka ce abokinka Boubacar a Kanada cikin ƙanƙara har gwiwa yake tuƙi bai taɓa fashin aiki ba, kuma in aka rufe kwantena ba kayanka, kasuwa za ta wuce ka. Duk wannan bai motsa shi ba. Abin da ya tashe shi kalma ɗaya ce, da ka ce, "Ashe rago na ba ƙanwata?"

Ka san wanda ka faɗa wa. Mutumin da tun ranar ɗaurin aurenmu bai taɓa ɗaga ido ya dube ka ba, bai taɓa kiran sunanka ba don kunyar surukuta. Ya ajiye kofin, ya jawo takalman fata da ka aiko masa daga Damagaram da Sallah, ya sa. Na riƙe makullin mota na hana shi. Ya buɗe yatsuna a hankali, ya ce mini ai Yaya ne, ya fita.

Ya yi lodin kayan gyaran baburanka a Ras Al Khor, har da tayoyin da ka ƙara daga baya ba shawara, ya kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali yana tafiya kamar mai lalube. A tsakiyar hanya tayar baya ta fashe saboda nauyi. Ya samu ya gangara gefe. Akwai jar alamar nan mai kusurwa uku a ƙarƙashin kujerarsa, amma cikin ruɗewa hannunsa ya koma ga abin da ya koya yana yaron mota tsakanin Damagaram da Kano. Ya karyo rassan itatuwan bakin titi, ya koma baya da ƙafa yana jera ganye don masu zuwa su san akwai mota a tsaye. A gida wannan shi ne hankali. A nan ba wanda ya san karatun ganye, ba ma a ganinsa, kuma kowa ya kunna fitilu huɗu suna ƙyaftawa, ba ka bambanta mai tafiya da wanda ya tsaya. Wani ɗan Indiya mai zuwa aiki a motarsa ya kauce wa babbar motar da ta taka birki a gabansa, ya faɗo gefen titi, ya banke Yacouba yana sunkuye da reshe a hannu.

Mutumin nan bai gudu ba. Shi ya tallafe kansa har motar asibiti ta zo. Yana ta kai da kawowa wajen 'yan sanda, amma bai fasa zuwa asibiti bayan ya tashi aiki ba, da 'yar ledar lemu, ya zauna yana share hawaye. Ba yare ɗaya muke ji ba, ba addini ɗaya ba. Kai kuwa da muka sha nono ɗaya, sau ɗaya ka kira, Yacouba ya ce maka da sauƙi, ka karɓa da hannu biyu ka kashe waya. Wane ɗan gidanmu ne aka taɓa tambaya jiki ya ce babu sauƙi? Ko Baba ranar da zai cika abin da ya ce ke nan, kana zaune a wurin. Ba ka ce a ba ni wayar ba, don ka san ni ba zan ce maka da sauƙi ba.

Da a nan ka tsaya, da na haɗiye. Sai Hajiya Fatouma ta gaya mini abin da kake faɗa a majalisar ƙofar shagonka, wai dama Yacouba ganganci ne da shi a tuƙi, wai ka sha yi masa faɗa. Maganar ta kai har kunnen Iya, mahaifiyarsa, ta aiko a ce masa ya riƙa jin maganar manya. Da ya ji saƙon, ya juya fuskarsa bango. Na tsane ka a wannan lokacin, Yaya, kuma ba na jin kunyar rubutawa. Ya roƙe ni kada in aiko maka da komai, wai zumunci. Na bi maganarsa shekara da shekaru, wannan karon ban bi ba.

To ga amsarka. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙashin ya daddage, ciwon ya ƙi. Ranar Alhamis da ta wuce suka yanke ƙafar daga ƙarƙashin gwiwa. Ta dama ce, wadda ake taka totur da birki da ita. Yacouba ba zai koma hanya ba, ba wannan watan ba, ba baɗi ba. Sauran kayanka suna sito ba abin da ya taɓa su, sai ka nemi wanda ba rago ba ya kai maka.

Hajiya Fatouma za ta ba ka wani ƙunshi tare da takardar nan. Takalmin da ka aiko ne, na ƙafar dama, na wanke shi. Iya ba ta san an yanke ba, kuma ba ta waya za ta ji ba. Kai za ka ɗauke shi ka je gidanta, ka durƙusa, ka ajiye a gabanta. Bakin nan da ya iya bayanin Amurka da Gaza, da shi za ka gaya mata wanda ya kira ɗanta da asuba, da abin da ya ce masa. In Hajiya ta dawo saro ta ce ba ka je ba, Inna zan kira in gaya mata komai, kuma daga ranar ba za ka sake ganin kalmar Yaya da rubutun hannuna ba.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gai da Sabuwa, da Kawu Idris, da Gwaggo A'i, da yara duka. Yacouba da ya san ina rubutu, da ya ce in gaishe ka, ka san halinsa. Ɗayan takalmin yana nan ƙarƙashin gadonsa, da shi zai koyi tafiya.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Hannatou